Saba'in da Biyar

Ran Talata suka zo, bayan la'asar,
mutum uku, da bokitin fenti da igiyar awo.
Ɗaya ya taka bakin igiyar a tsakiyar kwalta,
ɗaya ya ja ta har cikin shagonmu,
ta wuce injin, ta wuce benci,
ta tsaya daidai inda Baba ke shimfiɗa buzunsa.
Na ukun ko sallama bai yi ba.
Ya zana jan gicciye a bango, fentin yana tsiyaya
kamar an yanka zakara a jikin siminti.

Ni ne Yero, ɗan Tanimu mai makulli.
In ka taɓa yar da makulli a Tudun Wada, ka san mu.
Shekara talatin da ɗaya Baba yana goga ƙarfe a nan,
ni tara.
Rabin ƙofofin unguwar nan
da haƙoran da muka fere suke buɗewa:
kantin magani, akwatin ladan, ɗakin 'yan haya,
har ofishin da aka buga takardar tashinmu,
ni na yanka musu uku, sun biya biyu.

Bara mun ga gemun wancan layin ya kama wuta,
mun shafa wa namu ruwa.
Ruwan ya bushe.

Kuluwa mai niƙa ta ce ba inda za ta.
Da ƙarfi ta faɗa, don injinta yana ruri,
da ta kashe shi ba ta maimaita ba.
Baba Adisa ya jera agogunansa a kwali,
kowanne da lokacin da yake faɗi,
ya ce duk cikinsu babu wanda ya gargaɗe shi.
Jatau mai faci dariya ya yi:
"Titi ya faɗaɗa, taya ta ƙaru!"
Sai ya tuna ba shi tayar za ta tarar ba.

An ce akwai diyya.
Akwai, ga mai takarda.
Mai ginin yana Kaduna, mu bango muka ara.
Na tambayi yaron ofis, nawa ake biyan sabo?
Ya ce ai komai sabo za a yi.
Na ce ba wannan sabon nake nufi ba.
Ya duba fom ɗinsa gaba da baya,
bai ga gurbin da zai rubuta ba.

An nuna mana shaguna masu gilashi,
hawa na biyu, hayar shekara biyu a dunƙule.
Wace tsohuwa za ta hau bene
da kwaɗon da ya cije ƙulle a bakin zane?

Ba na gaba da titi.
Na taɓa ganin mai naƙuda a keke napep,
cunkoso ya riƙe ta a nan ƙofar shagon
har muka kewaye ta da tabarmi.
Na san amfanin faɗin hanya.
Sai dai ana auna faɗin daga can,
mu kuma daga nan ake yanka.

Akwai wata waya da Baba ya lanƙwasa a ƙusa,
ta makullan da masu su ba su dawo karɓa ba.
Wasu sun rasu, wasu sun sake kwaɗo,
wani ya ce bari ya yi sallah ya zo,
tun ina aji uku.
Baba ya ce amana ce, ba a zubarwa.
Na ƙirga: saba'in da huɗu.
In ɗayansu ya dawo ya tarar da kwalta,
wa zai tambaya, fitilar titi?

Katafila Asabar za ta zo, in ji su.
Jiya da dare aka kawo wuta,
na kunna injin, na yanka guda ɗaya, na ƙofarmu.
Ladidi 'yata tana riƙe da tocila ta ce,
"Baba, ai ƙofar ma cirewa za a yi."
Na ce na sani.
Na hure garin ƙarfen, na gwada, ya buɗe.
Na zura shi a wayar.